Masu jiyu-jitsu na arewa, sau nawa kuke hawa tatami a sati kuma me kuke nema a ciki?

Ɗan Garwa:

Assalamu alaikum yayyena da ƙannena. Tambaya gare ni ga duk wanda yake yin jiyu-jitsun Barazil, wato kokawar nan ta ƙasa mai shaƙa da kullen gaɓoɓi, ko ya taɓa yi, musamman mu na nan arewacin Kamaru, daga Gaundare har Kusiri, da 'yan'uwanmu na tsallaken gada a Injamena.

Mu dai a nan Garwa ba mu da sal, wato ɗakin atisaye, na jitsu shi kaɗai, sal ɗin judo muke aro, in masu judo sun tashi da yamma sai mu 'yan tsiraru mu tsaya mu yi wasan ƙasa. Mai koya mana a Yawunde ya koyo lokacin da yake karatu, shuɗiyar ɗamara gare shi, mataki na biyu kenan, mu sauran duka farare ne, wato 'yan matakin farko. To abin da ya kawo ni shi ne kanmu ya rabu kan yadda za a tsara atisayen. Wasu sun ce kullum a zo har ranar Lahadi, wai haka 'yan Barazil suke yi safe da yamma shi ya sa suka fi kowa, wasu kuma sun ce sau biyu a sati ya wadatar tunda kowa da abin da yake ci da shi, akwai mai tuƙa moto a cikinmu akwai ɗan lise akwai ni da nake ɗinki. Sannan ga rigimar kimono, rigar wasan nan mai kauri irin ta judo, rabinmu ba sa son sa shi saboda zafi, kun dai san Garwa a watan uku da na huɗu, ƙarfe biyar na yamma ma kwanon sal ɗin bai huce ba, sun fi son a yi da wando da riga mai kama jiki irin yadda suke gani a YouTube.

Ni kuma damuwata ta fi ƙarfi a kan yatsu. Da yatsun nan nake riƙe almakashi da allura, in muka yi da kimono aka yi ta fizgar kwala da hannun riga, washegari gaɓoɓin yatsuna sai su sanƙare, aikin surfani ya yi mini wuya har wajen azahar. Ina son wasan nan har cikin raina wallahi, tunda na fara barcina ya gyaru, jikina ya saki, zuciyata ma ta rage saurin hawa, amma ba zan iya ba da sana'ata a kansa ba.

Don Allah ku faɗa mini gaskiyar yadda kuke yi a wajenku. Sau nawa kuke hawa tatami, wato shimfiɗar wasa, a sati kuma awa nawa? Da kimono ko babu? Me kuke nema a ciki, gasa ce ko kare kai ko lafiyar jiki kawai? Da azumi fa ya kuke yi, ajiyewa kuke ko ci gaba? Kuma wai da gaske ne sai mutum ya shekara goma kafin ya ɗaura baƙar ɗamara ta ƙwararru? Na gode, Allah ya bar zumunci.

Tsohon Judoka, Gaundare:

Wa alaikumus salam ƙanena, tambayarka ta yi mini daɗi ƙwarai, Allah ya yi wa sana'a albarka.

Bari na fara da maganar kullum-kullum ɗin nan. Waɗanda kuke gani a bidiyo suna yi safe da yamma, aikinsu kenan, da shi suke ci da shi suke sha, in sun sauko daga tatami abinci na jiransu da mai tausa da barcin rana. Kai kuwa daga kan keken ɗinki za ka taho, mai moto ya wuni yana shan rana da ƙura. In kuka ce kullum, 'yan satuttuka za ku yi da zafi-zafi, sai wannan ya ce kafaɗa wancan ya ce gwiwa wancan gida an fara ƙorafi, kafin ku ankara sal ɗin ya koma mutum biyu. Na sha ganin haka a judo. Ni abin da na tsaya a kai sau uku ne a sati, a bar kwana ɗaya tsakani, awa ɗaya da rabi, kuma ranakun su tsaya cak kada a riƙa canza su don wani yana da biki. Wanda ya riƙe sau uku shekara biyu ba fashi zai wuce wanda ya yi kullum na wata uku ya ɓace, ko da wancan ya fi shi ƙarfi da ƙuruciya.

Sannan me ake yi in an zo, wannan ya fi yawan zuwan muhimmanci. Samarin yanzu so suke su shigo su ɗan yi tsalle-tsalle sai a kama gwabzawa har a tashi, a haka kuwa mai ƙarfi ne kullum a sama kuma ba wanda ya ƙaru da komai. Mu a nan rabin lokacin na maimaici ne, abu ɗaya tak a sati, misali yadda za ka fita in an hau ruwan cikinka, a yi shi ta dama a yi shi ta hagu, da farko abokinka ya bar ka ka yi, can ya ɗan hana, can kuma ya hana da gaske. Sai a ƙarshe a gwabza na minti 5 a huta a canza aboki, don minti 5 ne lokacin farar ɗamara a gasar IBJJF, babbar hukumar shirya gasar jitsu ta duniya, shuɗiya 6, biyole (ruwan malmo) 7, maron (ruwan ƙasa) 8, baƙa 10. Ka dubi Roger Gracie, sau 10 ya ci gasar duniya da baƙar ɗamara, a ta 2009 duk wanda ya tsaya gabansa sai da ya miƙa wuya, kuma abin da aka san shi da shi fa, ya wuce ƙafafunka ya hau ruwan cikinka ya shaƙe ka da kwalar rigarka, abin da ake nuna wa sabon shiga tun watanninsa na farko. Kowa ya san abin da zai yi amma an rasa mai hana shi, don ya maimaita shi fiye da kowa.

Batun kimono kuwa ni ɗan kimono ne ba na ɓoyewa. Wasan nan daga judo ya fito, Mitsuyo Maeda ɗalibin Kodokan ne, makarantar da Jigoro Kano ya kafa a 1882, ya isa Barazil a 1914 ya zauna a garin Belem, ta nan Carlos Gracie ya samu abin, daga baya shi da ƙannensa har da Helio suka ci gaba da shi a Riyo suka ba ɓangaren ƙasa ƙarfi. Amma abin da ya sa nake son rigar shi ne tana rage gudun wasa, ba ka iya zamewa da gumi ka tsere, dole ka koyi fita ta hanyar da ta dace. Kuma ku dubi mutanenmu mana, wa yake yawo ba riga a arewa? Jamfa, kaftani, babbar riga, duk da wuya da hannu, in dai kare kai ake nema to sanin riƙon riga na ciki.

Yatsunka kuma abu ne mai gyaruwa. Abin da yake cin gaɓoɓi shi ne ka damƙe riga ka ƙi saki lokacin da abokinka ya fizge da nauyin jikinsa gaba ɗaya. In ka ji zai fizge sakar masa, ka sake kamawa a wani wajen. Ka bar irin gard ɗin nan, wato tsaron da na ƙasa yake yi da ƙafafunsa, da ake nannaɗe bakin hannun riga a yatsu ana taka damtsen mutum da ƙafa, ba na tela ba ne. Ka saba da kama wuyan hannu da ƙeya da ƙarƙashin hammata, kuma ka ɗaure gaɓoɓin da filasta kafin a fara.

Shekara goma kuwa e, kusan haka ne ga yawancin mutane.

Ɗan Logon, Kusiri:

Slm jama'a. Metir, malaminmu na Gaundare, da girmanka da komai, maganar maimaici na karɓa hannu biyu, amma ta kimono kam a yi mini uzuri. Ku a Gaundare kan tudu kuke Allah ya ba ku sanyi har bargo kuke rufa. Ka zo Kusiri ko Injamena a watan huɗu lokacin da zafi yake haura digiri 40, ka sa wannan rigar mai kauri ka shiga ɗakin kwano, minti goma ta sha gumi ta koma kamar jiƙaƙƙen buhu a kafaɗarka, numfashi ma da ƙyar balle a yi maganar koyon dabara. Ga tsada, mai kyau sai an yi saƙo Duwala ko waje, kuma guda ɗaya ba ya isa tunda kowane atisaye sai an wanke. Yaron da yake son farawa ka ce masa sai ya zo da kimono ai ka kore shi kenan. Mu nan wando mai rufe gwiwa da riga mai kama jiki shikenan an shiga.

Ni daga kokawa na taso, dangin mahaifiyata mutanen wajen Yagwa ne, can kuwa kokawa ba wasan yara ba ce. Abin da ya ja ni jitsu shi ne a kokawa da ka kai mutum ƙasa an gama sai guɗa, a nan kuwa lokacin aka fara. Burina a fili yake, MMA, faɗan nan na cikin keji da ake haɗa naushi da kokawa, nake so na shiga in Allah ya yarda, shi ya sa ba ni da haƙurin kimono. Duk wanda ya kalli faɗan Francis Ngannou da Ciryl Gane a watan Janairun 2022 ya san abin da nake nufi, mutumin da duniya ta sani da naushi, zagaye biyu na farko Gane na ta zille masa, ga gwiwarsa da rauni, sai ya koma ɗaga mutum yana kayarwa yana dannewa, da haka ya riƙe kambunsa. Ɗan ƙasarmu ne fa, ɗan Batie, ranar ban yi barci ba don murna.

Tsarina sau biyar a sati amma ba duka ne da wuta ba. Kwana biyu ne na gwabzawa da gaske, Talata da Asabar, ranar Asabar ɗin mukan tsallaka gadar Ngeli mu haɗu da yaran Injamena, don in kullum da mutum uku kake yi sai ku haddace juna, ka zaci ka iya wasa alhali abokinka kawai ka iya. Sauran kwanakin bayan asuba ne a kan yashin bakin kogi kafin rana ta ɗago, kaye kawai da gudu da ɗaukar juna a kafaɗa, daga nan kowa ya kama hanyar nemansa.

Abin da yake ɓata mini rai a jitsun gasa shi ne a ce a fara sai mutum ya kama hannun rigarka ya zauna ƙasa yana jiranka. Na san doka ta yarda, amma a ganina wanda bai iya kayar da mutum ba rabin wasan ya koya. Kaye maki 2 ne kawai a IBJJF shi ya sa wasu suke raina shi, amma a cikin keji ko a kan titi wanda yake sama shi ne da riba. Yaya Ɗan Garwa in kana son yatsunka su huta gwada ba kimono na ɗan lokaci ka gani, babu abin fizga. Ka nemi bidiyon Marcelo Garcia, sau 4 ya ci ADCC, babbar gasar wasan da ba kimono, ba ƙato ba ne ko kaɗan, amma ya ja hannunka ya zaga bayanka kafin ka ankara wuya ya tafi. Mu yanzu ma kullen ƙafa muke ta koyo, na murɗa dunduniyar nan, shi ake yayi.

Adda Mai Jinya, Marwa:

Salamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Marwa, na yi judo a lise, yanzu kuma mu mata 'yan kaɗan muna haɗuwa safiyar Lahadi da yammacin Laraba mu yi wasan ƙasa, mu kaɗai ƙofa a rufe, mijin ɗayarmu ne ya ba mu ɗaki a gidansa muka shimfiɗa. Ba gasa muke nema ba, wasu ƙiba da ciwon baya ne suka kawo su, ɗaya kuma budurwa ce mai tasowa daga aiki da dare tana so ta san yadda za ta ƙwace in an riƙe ta ko an danne ta. Shi ya sa mu abin da muka fi maimaitawa shi ne fita daga ƙasa da miƙewa tsaye da sauri, shaƙa da kullen hannu suna bayan wannan.

Amma abin da ya sa na sa baki, duk kun yi maganar dabara ba wanda ya taɓo tsafta, ita kuwa take watsa sal. Makero yana bin tatami da gumi da riga, mutum ɗaya ya shigo da shi sai ya zagaye kowa har ya kai gida wajen yara. Duk wanda ya ga zagayayyen tabo mai ƙaiƙayi a wuya ko damtse ya zauna gida ya nemi magani a famasi ko asibiti, kuma ya ci gaba da shafawa har satuttukan da aka ce ko da tabon ya dushe, in a cikin gashin kai ne kuwa shafawa ba ta isa sai da ƙwaya. Don Allah kada a shafa man nan na kasuwa masu sa fata haske, suna kwantar da ƙaiƙayin amma cutar yaɗuwa take a ƙarƙashi. Maruru mai ruwa ma haka, ba a hawa tatami da shi. A goge tatami da ruwan jabel, wato bilic, da aka sirka bayan kowane atisaye, a yanke farata, a sa silifas in za a zaga bayi, a yi wanka da sabulu da an koma gida, riga kuma a wanke a shanya a rana, ba a cusa ta a jaka sai jibi ba. Kunne in ya kumbura ya tara jini a je a zuƙe a ɗaure da wuri kafin ya daskare.

Sai zafi. Ƙanena na Kusiri yana da gaskiya kan bazara. Ruwa tun safe ake shansa, ba sai an zo sal a ɗura lita guda ba, ka duba fitsarinka in ya yi ja-ja to ba ka shirya ba. Wanda ya zubar da gumi sosai ya haɗa ruwan gishiri da sukari, lita 1 na ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda jiri ya kama ko kansa ya fara sara ko ya fara magana ba kan gado, a fitar da shi inuwa a cire rigar a jiƙa shi, in bai dawo daidai ba sai asibiti. Mai sikila kuma ya faɗa wa malaminsa tun ranar farko.

Ɗaya abin da na fi jin tsoro a yankinmu shi ne zazzaɓin cizon sauro. Namiji ya sha magani kwana biyu ya ji sauƙi sai ya ce ya warke ya dawo tatami, alhali cutar tana iya kumbura saifa, a zo a ɗora masa gwiwa a ciki da nauyin ƙato, saifar na iya fashewa. Da damina musamman, wanda ya tashi daga zazzaɓi ya huta sosai, in yana jin nauyi ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu ya je a duba shi kafin ya dawo.

Azumi mu ba ma yin na rana sam, shekarun nan ma da ya yi ta faɗowa cikin zafi. Sau ɗaya a sati bayan asham, a hankali, goman ƙarshe kuma mu ajiye gaba ɗaya.

Tsohon Judoka, Gaundare:

Adda Allah ya saka da alheri, maganar saifar nan a buga ta a manna a bangon kowane sal.

Ɗan Logon ɗana, na bar maka bazara, a cire rigar in zafi ya yi zafi, kuma kaye da kake so ni ma ina so, mu a judo tun 2010 aka fara hana mu kama ƙafa kai tsaye a gasa, ku 'yan kokawa kuna da abin da za ku koya mana a nan. Amma murɗa dunduniyar nan ku dakata da ita don Allah. Kullen gwiwar hannu kana jin zafinsa yana tahowa ka samu lokacin bugawa don nuna ka miƙa wuya, wannan kuwa jijiyoyin gwiwa yake murɗawa kuma sau da yawa kafin ka ji zafi sun riga sun tsinke. Ita kanta IBJJF sai a 2021 ta halatta shi, shi ma ga manya masu maron da baƙa a wasan da ba kimono, farar ɗamara kullen idon sawu miƙaƙƙe kawai aka yarda masa. Ka tuna a zagaye na biyar Gane ƙafar Ngannou ya je nema ya rasa wajensa ya ƙare a ƙasa. Kuma a ina za a ɗinke jijiyar gwiwa a yankinmu, da kuɗin wa?

Ku koya wa yaranku bugawa da wuri, sau biyu uku a jikin aboki ko da baki, shi kuma ya saki nan take. Ana yawan ba da labarin Helio Gracie da Masahiko Kimura a filin Marakana a 1951, yadda ya ƙi bugawa har hannu ya karye sai da yayansa Carlos ya jefa tawul, sunan Kimura ya bi kullen har yau. Wancan gaban dubban mutane ne da sunan gida a kai. A sal ranar Laraba da abokinka ba abin da kake karewa sai hannun da za ka yi aiki da shi gobe. Shaƙa ma jijiyoyin da suke kai jini ƙwaƙwalwa take matsewa, daƙiƙu kaɗan mutum ya suma, in ka ji jikin abokinka ya saki kada ka jira ya buga.

Baban Amir, Injamena:

Gaisuwa ga kowa, Metir ina gaisuwa. Ni na yi zaman ci-rani a Abu Dabi, can na fara kuma can na ɗaura biyole. Can abin ya zama na gwamnati, Shehu Tahnun bin Zayed ne ya kafa gasar ADCC a 1998, tun 2008 kuma suka sa jitsu a makarantu, maza da malamansu mata da nasu, malamai 'yan Barazil sun cika garin. Da azumi dare ne nasu, bayan tarawi sal yake cika har tsakar dare, don haka abin da Adda ta faɗa shi ne daidai. In dole sai da rana to rabin awa kafin buɗa baki, maimaici kawai ba gumi.

Ɗan Garwa bari na ƙarasa maka maganar ɗamara tunda Metir ya taƙaita. A ƙa'idar IBJJF ba a ba da shuɗiya sai mai shekara 16, sannan a ƙalla shekara 2 a shuɗiya, 1 da rabi a biyole, 1 a maron, baƙa kuma sai mai shekara 19. Wannan mafi ƙaranci ne, mai sana'a da iyali yakan ninka. Akwai irin BJ Penn da ya ɗaura baƙa cikin shekara uku da 'yan kai ya kuma ci gasar duniya a 2000, shi ne na farko da ba ɗan Barazil ba a wannan matakin, amma irinsa ba yawa. Abin da nake roƙonku kada ku ɗaura wa juna ɗamara a tsakaninku don an daɗe ana zuwa. Ku haɗa kuɗi ko sau ɗaya a shekara malaminku da mutum biyu su sauka Gaundare su hau jirgin ƙasa zuwa Yawunde, su yi wasa da waɗanda ba su sani ba, mai baƙar ɗamara ya gan su da idonsa, su dawo da gyara.

Rigimarku ta sal kuma ni a ganina ba ta kimono ba ce, kowa da abin da ya kawo shi ne amma ba ku zauna kun faɗa wa juna ba. Ɗan lise mai son gasa dole ya san maki, kaye 2, juyar da mutum daga ƙasa 2, gwiwa a ciki 2, wuce gard 3, ruwan ciki 4, baya 4, kowanne sai ka riƙe daƙiƙa 3, kuma shi yana buƙatar ƙarin rana da ƙarin wuta. Kai mai neman lafiya da nutsuwa ba ka buƙatar wannan, kuma kana da ikon ka ce wa yaro yau a hankali za mu yi ko ka ce ba da kai ba. Ni da ina neman lambar gasa, yanzu na haura arba'in sau biyu nake yi a sati, burina na kai sittin ina hawa tatami da 'ya'yana, Amir ma ya fara.

Wani abu da iyaye suke tambayata a nan shi ne rusunawa. A jitsu gaisuwar da aka saba kafin a fara ita ce a tafa hannu a haɗa dunƙule, mu da ita muke yi, in magariba ta yi kuma a tsaya a yi salla a dawo, da haka iyaye da yawa suka saki yaransu.

Ɗan Garwa:

Kai madalla, Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya, Metir, Adda, Baban Amir, ƙanena na Kusiri. Na karanta wa mutanenmu a sal jiya mun zauna mun yi magana. Mun tsaya a kan Litinin da Laraba da Asabar, da kimono daga damina har ƙarshen hunturu, bazara kuma a cire, masu son gasa su ƙara safiyar Lahadi su kaɗai. Dunduniya an ajiye ta. Filasta ma na saya.

Saura abu ɗaya, masu judo suna son ƙara ajin yara da yamma, lokacinmu zai matse, wani ɗan'uwa ya ce zai ba mu rumfa a gidansa amma ba mu da kuɗin tatami. Akwai wanda ya taɓa haɗa na gida?

Ɗan Logon, Kusiri:

Namu na gida ne Yaya. Ka sa kafinta ya zagaye wajen da katako mai kauri, a share ƙasa a shimfiɗa leda don danshi, a zuba buntun shinkafa ko garin katako da aka tankaɗe aka cire ƙusa da tsinke, kaurinsa ya kai taƙi guda, a tattake a daidaita, a jera kwalaye a kai sannan a rufe da tamfol irin na manyan motoci a ja shi sosai a kafe a jikin katakon ta waje yadda ba ƙusar da za ta taɓa mutum. Tunda kai tela ne haɗin tamfol ɗin ka ninke shi ka mayar da ɗinkin ƙasa don kada ya ci gwiwa da yatsun ƙafa. Yana kwanciya a tsakiya bayan 'yan watanni sai a buɗe gefe ɗaya a motsa a ƙara. Katakon a shafa masa baƙin mai saboda gara, kuma tamfol yana ɗaukar zafi sosai in rana ta same shi, don haka rumfar ta rufe shi duka har gefen yamma. Wasan ƙasa da ƙananan kaye yana ɗauka lafiya lau, manyan jifa irin na su Metir kam ku bari sai ranar da kuka samu sal ɗin judo.